Jagorar shiga horon sana'a da neman aiki ta hannun gwamnati a Garwa, Marwa da Ngaundere

Sanarwar ɗaukar matasa horo ba ta jiran kowa. Za a manna takarda a bangon ofishi, a karanta ta a rediyo sau biyu ko uku, ta zaga WhatsApp, kafin mutum ya farga ranar rufe karɓar dosiye, wato tarin takardun neman shiga, ta zo. Yawancin waɗanda ke rasa gurbi a Garwa, Marwa da Ngaundere, manyan biranen arewacin Kamaru, tun kafin a duba cancantarsu suke faɗuwa: babu takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa ya mutu, ko sunan da ke kan wannan takarda ya saɓa wa na waccan. Waɗanda suka samu shiga kuma, da yawa sukan gama horon su rataya takardar shaida a ɗaki su koma majalisar shayi, saboda sun koyi abin da babu mai biya a kansa a garinsu.

Wannan jagora ta mai ƙaramin ƙarfi ce da ke zaune a birni, namiji ko mace, mai digiri ko wanda bai wuce allo ba. Mun jera matakan yadda ya kamata a bi su, kuma da gangan rajista ba ta zo a farko ba.

Mataki na 1: Ka san ƙofar da ta dace da kai

Abin da mutane ke kira "shirin gwamnati" ofisoshi ne daban-daban a ƙarƙashin ma'aikatu daban-daban, kuma rajista a ɗaya ba ta zama rajista a ɗayan.

Na farko shi ne Asusun Samar da Aiki na Ƙasa, wanda kowa ya sani da FNE. An kafa shi a 1990, kuma kuɗinsa daga masu ɗaukar ma'aikata yake fitowa, waɗanda ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya. Yana da ofishi a manyan biranen jihohin arewa uku. Aikinsa haɗa mai neman aiki da kamfani, tura mutum horo, da tallafa wa mai son kafa tasa sana'ar. Horonsa iri biyu ne: na aji a wata cibiya, da na kan aiki, inda ake ajiye ka a shagon wani gwani ka koya da hannu. Masu takardar makaranta da ba su taɓa aiki ba suna da shirin PED, inda kamfani ke karɓar mutum na wani lokaci, FNE da kamfanin su raba nauyin alawus ɗinsa. Akwai kuma USEP, na ayyukan ƙarfi a cikin birni kamar gyaran magudanan ruwa da tsaftar unguwa, wanda ba kullum ake buɗe shi ba kuma ba a kowane gari ba.

Na biyu ma'aikatar aikin yi da koyon sana'a ce, MINEFOP, da ofisoshinta na jiha da na gunduma. Ita ke riƙe da cibiyoyin SAR/SM, inda ake koyar da gini, kafinta, ɗinki, lantarki da makamantansu ga waɗanda suka tsaya a firamare ko kusa da nan. Ita ke ba cibiyoyi masu zaman kansu lasisi, ita ke shirya jarrabawar ƙasa ta takardun shaidar ƙwarewa a sana'a, CQP da DQP, kuma takan fitar da sanarwar tallafin kuɗin horo. Shirin PIAASI na ƙananan rance ga masu sana'ar hannu ma a ƙarƙashinta yake.

Na uku ma'aikatar matasa ce, MINJEC. Cibiyoyinta na horar da matasa su ne CMPJ, kuma su ne suka fi kusa da talaka, domin ana samun su har a matakin ƙaramar hukuma kuma suna karɓar wanda ya bar makaranta. Ta hannunsu ake shiga PAJER-U, shirin tallafa wa matasan karkara da birni, da kuma shirin matasa na musamman da shugaba Paul Biya ya sanar a watan Fabrairu 2016 da kuɗi sefa biliyan 102. Iyakar shekaru a nan 15 zuwa 35 ce, kuma sai an yi rajista a kundin matasa na ONJ.

Mata suna da ƙarin ƙofa, cibiyoyin CPFF na ma'aikatar mata da iyali, masu koyar da ɗinki, girki, gyaran gashi, sarrafa kayan abinci da kwamfuta. Sai kuma ayyukan da ake yi da kuɗin Bankin Duniya ko wasu ƙasashe ta hannun ƙananan hukumomi, irin na aiki a biya ka kullum. Waɗannan ba a neman su a ofishi kamar sauran. Unguwa ake zaɓa, a bi gida gida, don haka labarinsu wajen lawan ko jauro da ofishin magajin gari ake samu.

Shawararmu a taƙaice: mai BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare, zuwa sama ya fara da FNE. Wanda bai kai nan ba kuma bai wuce 35 ba ya fara da CMPJ, sannan ya je FNE ya tambayi horon kan aiki. Babu dokar da ta hana rajista a wuri biyu. Mazauna Kuseri da ke tsallaka gadar Ngeli su sani cewa Cadi na da nata ofishin samar da aiki, ONAPE, amma ɗan Kamaru a can baƙo ne a idon dokar aiki.

Mataki na 2: Takardu, tun kafin a yi sanarwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. A nan ya kamata a kashe mafi yawan lokaci.

Takardar haihuwa ce uwar sauran. Wanda ba a yi masa ita yana jariri ba sai ya bi ta kotu a yi masa hukuncin da ake kira jugement supplétif. Yadda ake yi: a je ofishin magajin garin da aka haife ka a karɓo shaidar cewa ba ka cikin kundinsu, a je asibitin gwamnati likita ya ƙiyasta shekaru, a kai ƙara kotu tare da shaidu da suka san haihuwarka, in hukunci ya fito a koma da shi ofishin magajin gari a rubuta takardar. Mutane da yawa kan tsaya a hukuncin kotu suna zaton shi ne takardar, alhali sai an mayar da shi an rubuta a kundi. Abin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Lokaci lokaci alƙalai kan fito zaman kotu a unguwanni da ƙauyuka don irin wannan, kuma a nan ya fi sauƙi da araha. Wanda rikici ya raba da garinsu ya bar takardunsa a can ya faɗi haka ƙarara a ofishin magajin garin da yake zaune yanzu, ya tambayi hanyar sake kafa takarda, kada ya sayi ta bayan fage. Takardar bogi takan wuce a wajen horo, sai ranar yin katin ɗan ƙasa ko rajistar fansho ta tona asiri.

Bayan ita sai katin ɗan ƙasa. In yana kan hanya, riƙe takardar shaidar da aka ba ka da kyau, ka duba ranar mutuwarta.

Yanzu ka shimfiɗa duk takardunka a tabarma ka karanta sunanka harafi harafi. Wannan ita ce cutar da ta fi kama mutanenmu. Takardar haihuwa ta ce Ousmanou, ta firamare ta ce Oussoumanou, katin ya ce Ousman. Aïssatou a nan, Aichatou a can. Wata ta ce an haife ka "vers 1999", wato wajajen 1999, wata ta sa rana da wata. A wajenka duk kai ne. A wajen mai tantance dosiye mutum uku ne. Abin da ke kan takardar haihuwa shi ake bi, sauran su ake gyarawa su dace da ita, kuma duk fom da za ka cika nan gaba ka kwafi sunan daga gare ta, har da jerin wanne ke gaba wanne ke baya.

Sauran abin da dosiye kan nema: kwafin takardun makaranta da aka buga wa hatimi a ofishin sufurefe (wakilin gwamnati a ƙaramar hukuma), hotuna ƙanana na fasfo, takardar neman shiga da aka rubuta da hannu, wani lokaci takardar lafiya daga likita da takardar kotu mai nuna ba ka da laifi, wato casier judiciaire mai lamba 3. Tambur ɗin gwamnati da ake mannawa sefa 1,500 ne tun 2023, kuma kowane kwafi da nasa, don haka kada ka buga hatimi a kan komai tun ba a nema ba. Takardar kotun nan wata uku kawai take aiki, ita ce ta ƙarshe da za ka nema, bayan sanarwa ta fito.

Asalin takarda ba ya shiga dosiye. Ka nuna shi, ka koma da abinka. Ka ajiye shi a leda mai kauri cikin akwatin ƙarfe saboda gara da ruwan damina, ka ɗauki hoton kowacce da waya. Manne takardar haihuwa da roba mai zafi kuwa a guje shi, domin wasu ofisoshi ba sa karɓar wadda aka manne.

Abu na ƙarshe da ake rainawa: layin waya. Ya zama da sunanka aka yi rajistarsa, kuma shi kaɗai za ka riƙa bayarwa. Ofishi zai kira sau ɗaya ko biyu. In ya ji a kashe, ko ƙaninka ya ɗauka ya ce ba ka nan, sai a wuce ga na gaba. Alawus ma sau da yawa ta Orange Money ko MTN ake turo shi, kuma in sunan layin ya bambanta da na dosiye kuɗin kan maƙale.

Mataki na 3: Zaɓi sana'a daga kasuwa

Kafin ka taka kowane ofishi, ka ba kanka mako ɗaya na yawo. Ka zaga shaguna biyar na sana'ar da kake so, a unguwanni daban, ka yi wa kowane maigida tambaya uku: wata nawa a shekara aiki ke tsayawa, nawa yake ba yaron da ya iya, kuma wane aiki ne ake kawo masa yana mayarwa don babu mai yi. Amsar ta uku ita ce zinariya. Tela zai iya ce maka masu ɗinka riga sun cika gari amma mai gyaran keken surfani ɗaya ne a unguwar. Bakaniken babur zai ce injin kowa na taɓawa, wayoyin lantarkin babur ne ke gagarar yara.

Ka dubi abin da yankin ke rayuwa a kansa. Kamfanin auduga na SODECOTON, mai hedikwata a Garwa, yana da masana'antun gurzar auduga da na mai, kuma aikinsa na kaka ne, yana buƙatar direbobi, masu walda, masu lantarki da bakanikai. Figil na da siminti da farar ƙasa. Yagwa na da kamfanin shinkafa na SEMRY. Ngaundere ce ƙarshen layin dogo, inda kaya ke sauka daga jirgi su hau manyan motoci zuwa arewa da Cadi, don haka duk abin da ya shafi babbar mota yana da kasuwa a can. Marwa ta yi suna wajen jimar fata da aikin fata. Zafin Maris zuwa Mayu kuma, lokacin da ruwan dam ɗin Lagdo ke ja baya wuta ta riƙa yankewa, shi ya sa gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki da haɗa sola suka zama sana'o'in da ba sa rasa mai nema.

Muna da ra'ayi a kan horon "sakatariya da kwamfuta" na wata uku da matasa ke ruguwa a kai: shi kaɗai ba ya ciyar da mutum. Ofisoshin da ke ɗaukar sakatare kaɗan ne, masu takardar sun yi yawa. Yana da amfani in an ɗora shi a kan wani abu, kamar lissafin shago ko kula da sito. Haka ɗinki ga mata: sana'a ce mai kyau, amma in a layinku akwai keke shida, ki tambayi kanki me za ki ɗinka da su ba sa yi.

Maganar harshe ma a yi ta da gaskiya. Hausa da Fulatanci sun ishe ka a kasuwa, amma darasi da jarrabawa da Faransanci ake yi. Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi horon kan aiki, ya haɗa da ajin yaƙi da jahilci na yamma har ya iya karanta awo, rubuta rasit da sa hannu. Wanda kuma ya shekara goma a shago ya iya aiki amma ba shi da takarda, ya tambayi ofishin MINEFOP batun VAE, hanyar da dokar koyon sana'a ta 2018 ta tanada don a gwada gwani a ba shi shaida ba tare da ya koma aji daga farko ba.

Mataki na 4: Rajista da zama da mai ba da shawara

Rajista a FNE kyauta ce. Ka je da sassafe a ranar aiki da katin ɗan ƙasa, kwafin takardun makaranta ko na horo in akwai, hoto, da takardar tarihin aiki, wato CV. Bayan cike fom za a haɗa ka da mai ba da shawara, kuma wannan zama shi ne ainihin rajistar, domin shi ne zai tuna da kai ranar da kamfani ya aiko yana neman mutum uku.

Kuskuren da aka fi yi a gabansa shi ne cewa "kowane aiki zan yi". Yana jin kamar tawali'u, amma kundinsu bisa sana'a aka tsara shi, kuma kamfani bai taɓa aikowa yana neman mai yin kowane aiki ba. Ka ambaci abu ɗaya, in ya yi yawa biyu. Kuskure na biyu shi ne ɓoye aikin da aka yi ba da takarda ba. Shekara uku kana yaron mota tsakanin Ngaundere da Kuseri, ko kina riƙe da littafin bashi a shagon kawunki, duk gogewa ce. A rubuta ta da shekaru da abin da aka iya. CV shafi ɗaya ya isa.

Ka tambaye shi kai tsaye: wane horo ne a buɗe yanzu, wanne ake sa ran buɗewa, kuma yaushe za a yi zaman koyar da dabarun neman aiki, wanda FNE ke shiryawa kyauta. In ka riga ka sami maigidan da ya yarda ya koya maka, ka faɗa, ka ba da sunan shagon da inda yake. Dosiyen da ya zo da wurin koyo a hannu ya fi saurin tafiya a kan wanda sai an nema masa.

Daga nan sai bibiya. Ka leƙa sau ɗaya ko biyu a wata, ka karanta allon sanarwa, ka gaishe da mai ba ka shawara, ka sanar da shi in ka canja unguwa ko ka ƙara wata takarda. Ka ajiye ƙaramin littafi kana rubuta ranar da ka je da abin da aka ce maka. Duk dosiyen da ka ajiye ka nemi shaidar karɓa mai kwanan wata.

Za a kira ka wata rana, da Faransanci mai kyau, a ce sunanka ya fito amma sai ka tura 15,000 ta waya "na dosiye" kafin yamma. Ɗan damfara ne. Gurbin gwamnati ba a sayar da shi ta waya, kuma kuɗin da doka ta sa, kamar na tambur ko na jarrabawa, ta hanyar hukuma ake biya a karɓi rasit. Ka kashe wayar ka taka zuwa ofishin da aka ambata ka duba allo.

Mataki na 5: Duba cibiyar, ka yi lissafin aljihu

In cibiya mai zaman kanta ce aka tura ka ko ka zaɓa, ka nemi ganin lasisinta na MINEFOP. Ka duba abu biyu a kai: ko wa'adinsa bai ƙare ba, da ko sana'ar da kake so tana cikin waɗanda aka yarda ta koyar. Cibiya na iya samun lasisin ɗinki ta buɗe ajin aikin jinya a gefe. Ka tambayi wace takarda ake bayarwa a ƙarshe. Shaidar da cibiya ta buga da kanta daban take da CQP ko DQP na jarrabawar ƙasa, kuma manyan kamfanoni na ƙarshen suke kallo.

Sai ka shiga ɗakin aiki da ƙafarka a lokacin darasi. Ka ƙirga injuna, ka ƙirga ɗalibai. Keken ɗinki takwas ga mutum arba'in na nufin kowa zai taɓa keke awa ɗaya a yini in an yi adalci. Ka duba ko injin walda yana da waya a jikinsa ko ƙura ce ta lulluɓe shi, ko akwai janareto, ko wa ke sayen ƙarfe da yadi da ake koyo da su. Ka tambayi inda 'yan ajin bara suke. Malamin kirki zai lissafa maka su da shagunan da suke.

"Kyauta" kuma tana da iyaka. Ko ba a karɓi kuɗin makaranta ba, akwai kuɗin hawa, abincin rana, kayan aiki, da abin da ka saba samu a yini wanda yanzu ba za ka samu ba. A ce babur na kai ka a 200 ya dawo da kai a 200, kwana 22 a wata: 8,800 ke nan, wata shida 52,800, ba a yi maganar ci ba. Wannan lissafin ne ke fitar da mutane a wata na uku, ba wahalar darasi ba. Don haka cibiya mai matsakaicin kyau da za ka iya takawa da ƙafa ta fi mai kyau da ke ƙetaren gari. In an yi alkawarin alawus, ka ɗauka zai makara, kada ka ci bashi a kansa. Mai aure ya zauna da iyalinsa a tsara cefanen watannin. Ke kuma ki gama magana da maigida ko mahaifi, da wadda za ta riƙe miki yaro, tun kafin ranar farko, domin ana ɗaukar sunan masu zuwa kullum kuma yawan fashi na hana shiga jarrabawa.

Wanda aka ajiye a shago ya sani cewa dokar aiki ta 1992 ta ce yarjejeniyar koyon sana'a sai a rubuce, in ba haka ba babu ita, kuma ba a ɗaukar yaron da bai kai 14 ba. A rubuta tsawon lokaci, abin da za a koyar, da wanda zai ɗauki nauyi in an ji rauni. Girmama maigida wajibi ne, shara da aike na cikin tarbiyyar shago, amma in wata biyu sun wuce ba ka riƙe kayan aiki ba sai tsintsiya da butar shayi, ka sanar da wanda ya tura ka cikin ladabi a sake maka wuri.

Mataki na 6: Daga horo zuwa albashi

Neman aiki ana fara shi tun ana saura wata biyu a gama. Sitaj, wato gwajin aiki da ake tura ɗalibai su yi a kamfani ko shago, shi ne babbar dama: ka riga kowa zuwa, ka riƙe lambar shugaban sashe, kuma ranar tafiya kada ka fita sai da takardar shaidar sitaj mai hatimi. Ka kai kwafinta da na sakamakonka FNE a sabunta dosiyenka, domin a kundinsu har yanzu kai ne wanda bai iya komai ba.

In aiki ya samu, ga abin da doka ta ba ka. Mafi ƙarancin albashi tun Maris 2023 sefa 60,000 ne a wata a kamfanoni masu zaman kansu, 45,000 a aikin gona. Mun san shaguna da yawa ba sa kai wannan, kuma mai neman na abinci ba kullum yake da bakin musu ba, amma kamfani mai rajista ba shi da hujja. Makon aiki awa 40 ne a wajen aikin gona. Lokacin gwaji sai an rubuta shi, kuma ga ƙaramin ma'aikaci, har da sabuntawa, ba ya wuce wata shida. Kwantiragi mai wa'adi da ya haura wata uku dole a rubuce yake, ba ya wuce shekara biyu, sau ɗaya ake sabunta shi. Hutu kwana ɗaya da rabi ne a kowane watan aiki, hutun haihuwa mako 14. Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba. Ka roƙi a ba ka ka kai wa wanda ya iya, ka kuma karɓi kwafinka.

Ka nemi lambarka ta CNPS, asusun fansho da haɗarin aiki. Ana cire kashi 4.2 cikin 100 daga albashinka, wato 2,520 a kan 60,000, maigida ya ƙara nasa. Abin da ke faruwa shi ne wasu na cirewa ba sa kaiwa. Bayan wata uku ka je ofishin CNPS da lambarka ka ga ko ana zubawa. Fansho na neman wata 180 na zubi, kuma watan da ba a kai ba ba ya cikin lissafi. Takardar albashi ta kowane wata a ajiye ta tare da takardar haihuwa.

In rigima ta taso, an hana ka albashi ko an kore ka ba bisa ƙa'ida ba, wajen sufeton aiki ake fara zuwa, kyauta, ya kira ku sulhu. Sai ya gagara ake wucewa kotu. Bashin albashi yana da wa'adin shekara uku, bayan nan ba a saurare. Ko da lafiya aka rabu, ka karɓi takardar shaidar aiki, haƙƙinka ce.

In kanka za ka yi wa aiki

Gaskiyar biranen nan ita ce masu buɗe nasu sun fi masu samun albashi yawa. FNE, PIAASI da shirye-shiryen matasa duk suna tallafa wa ƙananan sana'o'i, kuma tambayar farko da za ka yi ita ce: kyauta ne ko rance? Mafi yawansu rance ne, ko rabi da rabi, ana neman mai tsaya maka, wani lokaci kayan aiki ake ba ka maimakon kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Masu ɗaukar rancen gwamnati a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa su ne ke jefa kawunsu da ya tsaya musu cikin kunya, su kuma rufe ƙofa ga na baya.

Takardar tsarin sana'a da za a nema ba sai ta yi kauri ba. Ta nuna abin da za ka sayar, wa zai saya, farashin kowane kayan aiki da takardar farashi daga ɗan kasuwa na gaske, hayar shago, da abin da zai rage a wata bayan an biya bashi. Ka yi lissafin da watan da kasuwa ta fi mutuwa, kada ka yi da makon Sallah. Ka ware kuɗin juyawa: mai walda da ya kashe duk rancen a kan inji ba shi da na sayen ƙarfen ƙofar farko. In kaya aka kawo maka, ka kunna su a gaban wanda ya kawo kafin ka sa hannu, ka duba ko lambar da ke jikin injin ita ce a takarda.

Ka yi rajista a ofishin masu sana'ar hannu na ƙaramar hukumarku, gara a farkon shekara, ka nemi lambar haraji ta NIU, wadda banki zai tambaya kafin ya buɗe maka asusu. Kuɗin shago da na gida kada su kwana a aljihu ɗaya. Ranar biyan bashi ka sa ta kafin ranar zubin adashi, kuma duk biyan da ka yi ka karɓi rasit ka haɗa da sauran takardun a akwatin ƙarfen nan. Tun 2014 CNPS na karɓar zubin mai zaman kansa, tela ko bakanike ko mai babur, bisa abin da ya bayyana yana samu. Fom ɗin a ofishinsu yake, ana zuwa da katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa.